Godiyar da Ta Mayar da Habu Asibiti

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne shaida a kan abin da muka gani. Jiya Habu ƙanena ya cika wata takwas bai kai kwalba baki ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan, kuma sai da na nemi izininsa. Sunayen da za ku gani duk na aro ne, har da nawa. Da can ba ni da wannan dabarar. Sai da na sha wuya na koye ta.

Ni da Habu a Jidda aka haife mu. Kakanmu ya zo hajji bai koma ba. Ni dabbab nake ja, ƙaramar motar kaya, ina kwasar wa 'yan kasuwar Balad kaya daga sito zuwa shago. Habu walda yake yi a wani kamfani a Madinar Masana'antu. Shekarata hamsin da biyu, shi arba'in da ɗaya. Tun da babanmu ya rasu ni ne uba, ni ne kuma bakin gidan. Ko kuɗin famfo za a yi magana a kai, ni ake jira.

Na daɗe da sanin yana sha. Kar wani ya tambaye ni a ina ake samu a ƙasar nan. Ana samu. A ɓoye ake haɗa shi, fari tas, a ɗura a robar ruwan sha, ka gan shi a hannun mutum ka ce ƙishi yake ji. Na yi nasiha, na yi zagi, sau ɗaya har na mare shi. Amma ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ban da kunya akwai tsoro. Duk da haihuwarmu a nan, da iƙama, takardar zaman baƙi, muke zaune kamar wanda ya sauka jiya. In aka kama mutum da wannan abu kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya janye hannunsa, sai a sa shi jirgi zuwa Najeriya, ƙasar da Habu bai taɓa takawa ba. Ga mata, ga 'ya'ya uku.

Satin farko na ciwon, Maryam matarsa ce ta kira ni, ta ce idon Habu ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ko shayi ba ya zama. Na kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi. Awa uku muna layi, na'urar sanyi ta mutu, wani yaro yana ta amai kusa da takalmina. Da muka shiga likita ya dubi Habu ya ce, yana shan wani abu ne? Kafin Habu ya buɗe baki na ce shayi kawai. Aka ba mu maganin ciki muka dawo, kuɗin yini biyu na aikina ya tafi a banza.

A gida na ce yau za a yi ta ta ƙare. Na birkice ɗakin, na samu roba shida, biyu ma a cikin tankin banɗaki. Na zubar da su, na kulle Habu a ɗaki, na sa makullin a aljihu. Na tafi aiki ina jin na cika namiji.

Kwana na biyu hannunsa ya fara rawa, gumi kamar an watsa masa ruwa. Kwana na uku ya fara ganin kyankyasai a bango, yana kaɗe su daga jikinsa, yana cewa akwai wani tsaye a bayan ƙofa. Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu, ta zo ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Wannan ai mutanen ɓoye ne, Usman. Me kake jira?" Ta kawo habbatus sauda da zamzam. Maƙwabciya ta ce nonon raƙumi. Wani abokin aikina ya ce ciwon shawara ne, a dafa ganye. Kowa likita ne in ba jikinsa ba ne. Aka kira malami ya yi ruƙiyya, kuma Allah Ya saka masa da alheri, shi ne ya ja ni gefe bayan ya gama karatu ya ce, "Na yi nawa, amma wannan asibiti za ku kai shi, yanzu." Muna cikin maganar Habu ya faɗi yana jijjiga, ya tauna harshensa, jini har wuyan riga.

A babban asibiti wani dattijon likita ɗan Sudan muka samu. Ya yi tambayar nan dai, na sake buɗe baki.

Ya ce, "Wa ke ciwon, kai ko shi?"

Na ce, "Ni ne yayansa."

Ya ce, "Masha Allah. Hantar taka ce?"

Na ja da baya. Da Habu ya dawo hayyacinsa shi ya faɗi gaskiya da bakinsa, shekara goma sha ɗaya, kullum. Likitan bai ko ɗaga gira ba. Ya ce shi ba ɗan sanda ba ne, magani yake yi. Sai ya juyo kaina ya tambayi wa ya kulle shi. Na ce ni. Ya ce wanda jikinsa ya saba haka ba a yanke masa rana ɗaya a gida, sai a gaban likita, don yankewar kanta tana kisa. Wato ni da makullina na kusa yin abin da kwalbar ba ta kai ga yi ba. Kalmarsa ɗaya ta zauna mini har yau: "Kabid ta'aban." Hanta ta gaji. Ya ce in Habu ya koma sha, shi bai yi mana alkawarin komai ba.

Kwana tara muka yi. Inshorar kamfani ta biya wani abu ta ƙi wani, na yi ta hawa bene ina sauka da takardu, wannan taga ta tura ni waccan. A kamfani muka ce ciwon hanta ne, kuma ba ƙarya muka yi ba. Ranar sallama likitan ya yagi 'yar takarda ya rubuta lambar waya, babu suna, ya miƙa wa Habu. Ni na miƙa hannu, ya tsallake hannuna.

Ya ce, "Maganina ya ƙare a nan. Waɗannan mutane ne da suka sha irin abin da ya sha, suka daina. Suna haɗuwa suna riƙe juna."

Na ce, "Likita, mashayi za ka tura wurin mashaya? Ka taɓa ganin an kai ɓarawo cikin ɓarayi ya daina sata?"

Ya ce, "Kai shekara nawa kana yi masa wa'azi?"

Na ce, "Goma."

Ya ce, "To."

Sati na huɗu ya tafi a kan lambar nan. Na ɗauke ta daga aljihun Habu na kira. Wani ya ɗauka da Larabcin baƙi, na fara bayani, ya ce mai matsalar ya kira da kansa, ya kashe. Ni aka kashe wa waya. Habu ya yi kwana biyar yana juya takardar kafin ya kira. Ko a nan ba su ba da adireshi ba, sai suka ce a haɗu a wani shagon gahawa tukuna su ga mutum. Na raka shi. Wanda ya zo Bahaushe ne ɗan Najeriya, dogo mai tabarau, Hausarsa tsaf ba irin tamu mai rabin Larabci ba. Ya ce sunansa Kabir.

Na ce, "Kabir wa? Ɗan wane gari? Wane aiki ake taɓawa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kabir kawai, Malam Usman."

Mutum ya san sunana, ni ban san ko garinsu ba. A ina aka taɓa yin haka?

Taron Talata ne da Asabar bayan magariba, a wani ɗaki a unguwar Bagdadiyya, saman shagon labule. Ranar farko na hau benen tare da Habu. A bakin ƙofa Kabir ya tare ni da ladabi ya ce ɗakin na masu matsalar ne kaɗai. Na ce ni ne mai jinya. Ya ce ya sani, Allah Ya ba da lada, in jira a ƙasa. Awa ɗaya da rabi ina zaune a dabbab ina korar masu cewa in matsa musu wurin ajiye mota. Da Habu ya sauko na ce, to, me aka yi?

"Shayi muka sha, muka yi magana."

"Wa ya yi wa'azi?"

"Babu."

"Magani fa?"

"Babu."

"To me suka ce?"

"Abin da aka faɗa a can, a can yake zama, Yaya."

Yaron da na goya. Na tada mota muka nufi gida.

Amma gaskiya ɗaya ce, abin ya yi aiki. Daga sati na biyar zuwa na goma sha biyu Habu ya fara cin abinci, cikin ya sace, hannun ya tsaya har ya koma walda. A taron wasu Turanci suke yi wasu Larabci, Habu kuwa Turancinsa bai wuce na sunan ƙarfe ba, sai Kabir ya zauna kusa da shi yana juya masa zuwa Hausa. In sha'awar abin ta taso masa a wurin aiki, sai ya fita bayan sito ya kira Kabir, su yi minti biyar, ya koma. Abin da marina bai yi ba. Na ji haushi, na kuma gode Allah, duka a lokaci ɗaya.

Sai Gwaggo ta zo da tata. Tun asibiti ta san gaskiyar ciwon, ta daina maganar mutanen ɓoye kamar ba ita ta fara ba. Ta ce, "Usman, bawan Allah ya sauke muku wannan kaya, ko godiya ba ku je ba? Haka ɗan'uwana ya rene ku? A gidanmu ko allura aka ara maka sai ka taka ka je." Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Babanmu ya koya mana cewa godiya ba ta cika a waya, ba ta cika a ɓoye. Ana zuwa da ƙafa, da abin hannu, a faɗi alherin mutum a gaban mutanensa don su san darajarsa.

Kuma a lokacin na riga na gano ko wane ne Kabir. Na taɓa kai kujeru da darduma wani taron suna na 'yan Najeriya masu aikin kwantiragi, na hango shi ana ce masa Injiniya. Na ji suna haɗuwa duk Juma'a bayan masallaci a gidan ɗayansu su ci tuwo. Na sayi kwalin dabinon ajwa da kwalbar turare mai kyau, na sa farar rigata ta salla. Ban gaya wa Habu ba. Tun yaushe ake shawara da ƙane a kan godiya?

Ranar Juma'a na same su sun kai goma sha biyar, an gama cin abinci ana shan shayi. Na yi sallama, aka ba ni wuri. Kabir da ya gan ni ya ajiye kofinsa. Na miƙe na ce, "Jama'a, na zo ne in shaida muku irin mutumin da kuke zaune da shi. Ƙanena giya ta kusa kashe shi. Wannan bawan Allah shi ya riƙe hannunsa. Duk Talata da Asabar suna tare a ɗakin nan na Bagdadiyya saman shagon labule, shi da sauran waɗanda Allah Ya raba da kwalba. Shi ya san zafinta, shi ya sa ya san maganinta. Injiniya, Allah Ya biya ka."

Ina jira a ce amin. Mutum biyu suka ce, can ƙasa-ƙasa. Wani mai ƙiba ya ce, "Talata? Ai ce mana kake yi ranar kana wurin aiki." Daga baya na ji wannan ɗin wan matar Kabir ne, kuma uku a cikinsu kamfani ɗaya suke da shi.

Kabir ya karɓi dabinon da hannu biyu ya ce ya gode. Ya raka ni har bakin titi. A nan ya cire tabarau ya ce, "Malam Usman, shekara shida ke nan. Matata kaɗai ta sani."

Na ce, "Ai alheri na faɗa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na rasa abin da zan ce maka."

Ranar Asabar muka je Bagdadiyya, ƙofa a kulle. Talata ma haka. Lambar da likita ya bayar ba ta shiga, ta Kabir a kashe. Ashe in wuri ya fita bakin mutane tashi suke yi, don kowa a ɗakin nan yana da iƙama da kafili da iyali kamar mu. Ni da na shekara goma ina rufa asirin mutum ɗaya, a minti biyu na yaye na ɗaki guda, da farar riga da turare.

A cikin dabbab na gaya wa Habu abin da na yi. Ya daɗe yana kallon shagon labulen. Ya ce, "Yaya, ka taɓa yin shiru a kan wani abu nawa? Ko sau ɗaya?"

Na ce, "Don kai na yi."

Ya ce, "Kulle ni ma don ni ka yi."

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi muni. Ya nemo irin taron a waya, ya sa abin kunne ya zauna, duk Turanci ne mai gudu, ya cire ya jefar. Ya daina cin abincin rana. Ni kuma na ce tunda na ɓata sai in gyara: in ɗauki liman da dattawa biyu mu je gidan Injiniya ban haƙuri, yadda ake yi. Gwaggo ta ce haka ne daidai, har ta ce za ta bi mu ta ga matarsa. Ina sa hula Habu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in na je da ko mutum ɗaya, shi da ni halas, an gama. Maryam, wadda shekara goma sha biyar ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba, ta ce, "Yaya Usman, don Allah ka zauna." Na cire hular na zauna. Ban san abin da ake yi da laifin da ba a zuwa ban haƙurinsa ba.

Kwana goma sha tara bayan mun tarar da ɗakin a kulle, ranar Alhamis, abokin aikinsa ya kira ni da la'asar. Habu ya sha, yana aman jini a bayan sito. Muka koma wurin ɗan Sudan. Ya dubi Habu, ya dube ni, ya ce, "Me ka yi kuma?" Na gaya masa. Ya dafe kai da hannu biyu. Aka ƙara masa jini leda biyu, aka zura masa abu ta maƙogwaro aka ɗaure jijiyar da ta fashe. Likitan ya ce wannan karon Allah ne kawai, kar mu gwada na uku. Inshora ta sake taurin kanta, na sake hawan benena.

Kwana na uku, lokacin dubiya, ina ɓare wa Habu lemo sai ga Kabir ya shigo. Ban san wa ya gaya masa ba, ban kuma tambaya ba. Kabir ɗin ya rame. Na miƙe, bakina cike da magana, haƙuri da godiya duk sun taru. Habu daga kan gado ya ce, "Yaya, je ka sayo mana ruwa."

Ruwa katan guda yana ƙarƙashin gadon, ni na kawo shi da safe. Na duba katan ɗin, na duba Habu. Na ce to. Na fita na zauna a kujerar baranda awa guda cur. Da Kabir ya fito ya yi mini sallama na amsa, ya wuce.

Tun daga nan ake ƙirga wata takwas ɗin. Taron yana nan a wani wuri, ban san inda yake ba. Talata da Asabar ina sauke Habu a wani shatale, ya ƙarasa da ƙafa, ni kuma ba na duba madubi. Abin da ya faru da Kabir a kamfaninsu ban sani ba. Yana Jidda dai har yanzu. Na ji ya daina zuwa tuwon Juma'a, kuma wannan ni na jawo masa, ba zan ɗora wa Gwaggo ba ko da yake ita ta zuga ni, har yau kuma tana cewa ba ta ga laifin godiya ba.

Wanda Allah Ya jarraba da irin jinyar nan, ga abin da na saya da tsada ina ba shi kyauta. Kar ka amsa wa likita tambayar da ba kai aka yi wa ba. Kar ka kulle mutum ka ce magani ne, kai shi asibiti. In an ba shi lamba, tasa ce. In ya samu masu riƙe shi, ka kai shi, ka jira a ƙasa, ka yi musu addu'a a sujada inda ba mai ji. Har yanzu ban gane yadda shayi da hira suke abin da mari bai yi ba, kuma na gaji da ƙoƙarin ganewa.

Juma'ar da ta wuce sahu ya haɗa ni da Kabir a wani masallaci kusa da Balad, kafaɗa da kafaɗa. Da aka sallame ya miƙo hannu kamar yadda ake miƙa wa kowa. Na ce Allah Ya karɓa, ya ce mu da ku. Na ɗauki takalmina na fita. A shekara hamsin da biyu ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan riƙe bakin ba, ni da nake ɗaukar firiji a baya.

Ɗazu da nake karanta wa Habu wannan rubutu don ya ce a bari ko a yaga, ya saurara har ƙarshe, ya sa na goge abu biyu. Sai ya ce, "Dabinonka fa, Yaya, a sabon wurin muka cinye shi da shayi. Kowa ya ce mai kyau ne."

Na ce, "An faɗi wanda ya kawo?"

Ya ce, "A'a."

Na buɗe baki, na rufe. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu masu jinya kuma Ya ba mu ikon riƙe harshe.